Yadda Ake Amfani Da Zumar Yankinka Don Rage Alajin Lokacin Fure

Wasu na ganin shan zumar yankinsu na rage alajin lokacin fure, wato atishawa da ƙaiƙayin ido, ko da yake bincike bai tabbatar da hakan ba. A ganinsu, in aka jira sai alajin ya taso sannan aka ɗauko kwalba, an riga an makara.

Fara neman zumar. Ɗanya ake so, wadda ba a dafa ba kuma ba a tace ta tas ba, daga hannun masu kiwon ƙudan zuma na kusa da inda kake zaune. Dalili shi ne garin furen tsirran yankin da ke cikinta, wato ƙurar da fure ke fitarwa, wanda ake zaton jiki zai saba da shi a hankali. Ta fi ta kanti tsada, amma mai arhar nan sau da yawa an sirka ta da ruwan sukari.

Inda aka fi yin kuskure shi ne farawa. Ka san watan da alajin ya saba taso maka, to ka fara shan zumar wata biyu kafin nan. Ranar farko ɗan lasa kawai za ka yi, kamar rubu'in cokalin shayi, ka saurari jikinka. Idan leɓe ya kumbura, ko maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, ko numfashi ya fara sarƙewa, ka ajiye ta nan take ka nufi asibiti. Wanda harbin ƙudan zuma ke kumbura wa jiki, ya ga likita tukuna. In lafiya lau, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka kai babban cokali ɗaya a rana. Ni dai ba na zuba ta a tafasasshen ruwa, a lashe ta haka nan ko a ruwa mai ɗumi.

Kada kuma ka jefar da maganinka. Garin furen da ke sa atishawa yawanci na ciyawa da bishiyoyi ne wanda iska ke kwasa, ƙudan zuma kuwa furanni masu zaƙi suka fi bi. Binciken Jami'ar Connecticut ta Amurka a 2002 bai ga bambanci tsakanin masu shan zuma da waɗanda ba su sha ba. Na Malesiya a 2013 ya ga sauƙi, amma mahalartan suna haɗa zumar da maganin alaji mai suna loratadine.

Jaririn da bai cika shekara 1 ba, ko ɗigo kada a ba shi, saboda cutar botulizim, mai shanye ƙarfin jikin jariri. Mai ciwon suga ya tuna babban cokali ɗaya na ɗauke da sukari wajen giram 17. Sauran dai sha kullum ne har kakar ta wuce, a rufe kwalbar sosai kada danshi ya shiga.