Yadda za ka haɗa kifayen nan masu ƙyalli a tanki guda ba su yagi juna ba

Tun da na fara aje kifin ado a falo nan gida Mabera, duk wanda ya shigo ya ga tankin da dare shuɗin fitila na kunne sai ya ce shi ma shina so, kuma da yawa sun saya, sai bayan sati biyu ko uku a kira ni a waya ana cewa Malam kifayen nan fa faɗa suke, wutsiyar wancan ta zama tsumma, ɗayan ya laɓe bayan filta ko abinci bai fitowa ci. Kusan kullum matsalar guda ce, mutum ya je ya zaɓi kala bai zaɓi jinsi ba. Ni ma haka na yi da farko, wani mai kawo kifi daga Legas ya buɗe min ledoji na ce a ba ni ja ɗaya kore ɗaya ruwan lemo ɗaya ruwan hoda ɗaya, na ƙara da wani kifi da ake kira enjel mai dogayen fikafikai don ya yi min kyau, na zuba su duka cikin tankin lita 40. Kwana goma ba a yi ba ɗan ƙanwata ya ce min Kawu wancan koren ne ke cizon babban, tun ɗazu nike kallonshi. Kafin in gane abin da ke faruwa enjel ɗin ya mutu, kuma wallahi abin ya daɗe shina damuna don a hannuna ya wahala.

To bari mu fara da sanin su waye kifayen ga. Sunan kasuwarsu GloFish. A 1999 ne masana a jami'ar ƙasa ta Singafo sunka ɗauki ƙwayar gado daga wata halittar teku mai ba da haske sunka sa cikin ƙwan wani ɗan kifi da ake kira daniyo, niyyarsu a samu kifin da zai riƙa nuna in ruwa ya gurɓata, daga baya wani kamfani a Texas ta Amurka ya fara sayar da su a ƙarshen 2003. Da kalar ake haihuwarsu kuma 'ya'yansu ma suna gado. Kar ka haɗa su da waɗanda ake yi ma allurar fenti, su waɗancan za ka ga kalar layi ce kawai a gadon baya ko gefen ciki, tana koɗewa cikin watanni kuma da yawansu ciwo ke kashe su, ni ban sayensu kuma ban ba kowa shawara shi saya. Abin da nike so ka riƙe shi ne, kala kaɗai anka canza ma kifin, halinshi na nan yadda Allah ya halicce shi. In asalinshi mai cizo ne to ko ya koma ruwan hoda mai cizo ne.

Don haka aikinka na farko a gaban mai sayarwa, ka manta da kala ka dubi siffar jiki. Daniyo siriri ne ɗan tsito, bai wuce santimita 5, zanenshi a kwance daga kai zuwa wutsiya, kullum shina sama-sama shina gudu. Tetira jikinta faffaɗa ne kamar ganye, fiffiken ƙasan cikinta mai faɗi kamar siket. Taiga-bab ɗan kakkaura ne mai zane a tsaye, wasu zanen baƙi ƙirin wasu ya ɗan dishe, shina kai santimita 7. Shak kuma dogo ne bakinshi na kallon ƙasa da 'yan gashin baki, ba shak ɗin teku ba ne suna ne kawai, amma shina girma har santimita 15. Akwai kuma beta, kifin nan mai baza fikafikai, da kori, ɗan kifi mai gashin baki da ke zama ƙasan tanki, waɗanda anka fitar daga baya. In mai sayarwa ya ce maka ai Alhaji duk iri ɗaya ne suna zama tare, ka ce mishi shi nuna maka wanne ne tetira wanne ne bab, in ya kasa ka duba da kanka, kama da wane ba ta wane.

Maganar taiga-bab ita ce zan daɗe a kai don shi ne ya fi sa mutane kuka. Kifi ne na garke, a cikin garkensu suna da babba da ƙarami, kullum suna 'yar kore-kore tsakaninsu, wani lokaci ma ka ga maza biyu sun haɗa baki suna juyawa kamar 'yan kokawa, minti ɗaya biyu sun rabu kowa ya san matsayinshi. In suna da yawa tsokanar tana rarrabuwa, yanzu a kori wannan anjima a kori wancan, ba wanda ke shan wahala shi kaɗai. Amma in ka sayi biyu ko uku to babban zai tasa ƙaramin gaba har shi kashe shi, in ya gama kuma shi juya kan sauran kifayen tankin, duk mai doguwar wutsiya ko mai tafiya a hankali ya shiga uku. Mutane suna jin an ce kifin nan mafaɗaci ne sai su ce to bari in sayi kaɗan don faɗan shi yi sauƙi, alhali nan ne kuskuren yake. Shida shi ne mafi ƙaranci, ni na fi son takwas zuwa goma, a tankin da bai kasa lita 110 ba. In kuɗinka ba su kai na shida ba ka haƙura da bab ka jira, ya fi maka. Kuma ko da sun kai goma kar ka sa musu enjel ko beta ko gupi ko kifin gwal mai baza wutsiya, idonsu na ganin abu na lilo a ruwa sai sun gatsa.

Ga wani abu da zai faranta maka rai tunda na san kalolin ne sunka ja ka, in jinsi ɗaya ne kala ba ta raba su. Jan bab da koren bab da mai ruwan lemo duka garke ɗaya suke yi, har da bab na asali wanda ba shi ƙyalli. To ka ga kana iya samun kalolinka duka ba tare da ka haɗa jinsi huɗu ba. Amma koriyar tetira da koren bab ba 'yan uwa ba ne, kar ka lissafa su tare ka ce ai sun cika shida.

Tetira ta fi bab sauƙin kai nesa ba kusa ba, amma ita ma tana mintsinin fiffike in ta kasa shida, lita 75 ta ishe su. Akwai masu dogon fiffike a cikinsu, waɗannan kar ka haɗa su da bab. Daniyo ba mugu ba ne, rawar kai ce ta yi mishi yawa, gudunshi kaɗai ya isa shi hana kifi mai sanyi sakat kuma shi riga kowa cinye abinci, shi ma shida zuwa sama, kuma tanki mai tsawo ya fi mishi mai zurfi. Shina tsalle, ka rufe saman.

Shak ɗaya tak. Ba a sarki biyu a gari guda, in ka sa biyu ɗaya zai mallake ƙasan tankin duka ɗayan shi rame shi mutu. Abin da ke ruɗin mutane shi ne lokacin da ake sayar da shi ƙarami ne kamar yatsa, lafiya lau shike zaune da kowa, sai ya yi watanni ya fara girma sannan halin ke fitowa, ranar nan kawai ka ga ya kama wani lungu duk wanda ya gitta sai ya bi shi. Shina buƙatar tankin lita 200 mai tsawon kamar santimita 120, in ba ka da shi ka bar shak a shago duk kyanshi. Kar ka haɗa shi da wani shak ko mai kama da shi, kuma ni ban haɗa shi da kori don dukansu ƙasa suke zama kuma kori bai san ramuwa ba. Abokan zamanshi su ne masu sauri da ke yawo tsakiya da sama, bab da daniyo da tetira. Namijin beta kuwa ka ba shi ɗakinshi shi kaɗai, ko lita 20 ce, maza biyu ba su haɗuwa ko kusa.

In ba ka san litar tankinka ba, auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita ka ninka su ka raba da 1000. Ko ka ƙirga da jarkar mai ruwa ta lita 25, jarka uku tankin tetira kenan, jarka takwas na shak.

Ga wanda yanzu zai fara, haɗin da na fi yarda da shi shi ne tetira shida ko takwas masu kala-kala a tsakiya da kori shida a ƙasa, a tankin lita 100 ko sama da haka, da yashi mai laushi don tsakuwa mai kaifi na cinye gashin bakin kori. In kana son hayaniya da motsi to bab goma su kaɗai, ko ka ƙara daniyo in tankin babba ne.

Yadda ka shirya cikin tankin ma shina rage faɗa sosai. Tankin da ba komi ciki sai ruwa da tsakuwa, wanda ake kora ba shi da wurin tsira, kuma mai korar shina ganinshi daga wannan bango zuwa wancan. Sa ciyayi masu tsawo ko da na roba ne, sa duwatsu, ni har sabon kasko na ƙasa nike saye wanda ba a taɓa dafa komi ciki ba in wanke shi da ruwa zalla ba sabulu, in goge kaifin bakin in kifa shi shi zama kogo, guntun bututun ruwa na roba ma na yi. Wurin ɓuya ya zama ya fi ɗaya kuma nesa da juna. Wajen zuba kifi kuwa masu sanyin hali ake fara sawa, shak shi ne na ƙarshe, in ka fara da shi zai ɗauka duk tankin gidanshi ne. Kar ka zuba duka rana guda, sabon tanki shina ɗaukar sati huɗu zuwa shida kafin filta ta iya sarrafa ƙazantar kifi, garke ɗaya ka fara da shi. Duk sabon kifi ka aje shi wani wuri daban sati biyu ka tabbata ba shi da ciwo, ranar da za ka haɗa su ka ciyar da tsofaffin tukuna, ka sauya ma duwatsu da kasko wuri don kowa shi zama baƙo, ka kashe fitila zuwa safe. Abinci kuma ka riƙa barbaɗa shi wuri biyu ko uku ba waje ɗaya ba.

Sai maganar garinmu. Mafi yawan kifayen ga digiri 24 zuwa 27 suke so, daniyo ma ya fi son ƙasa da haka, mu kuma a Sakkwato watan Afrilu da Mayu zafi na haura 40, ga ba wuta. Ruwa in ya ɗumama iskar cikinshi na raguwa, kifi shi takura, kuma na lura a tankina lokacin ne kore-kore ke yawa wanda ake kora kuma shi fi saurin galabaita. Ka sayi ɗan ma'aunin zafi ka manna, ka janye tankin daga taga da bangon da rana ke duka, ka ɗaga murfi ka sa raga a madadinshi fanka na busa saman ruwan, in abin ya yi tsanani ka jefa ledar fiya wata mai ƙanƙara a ɗaure ta yi yawo a sama, guda guda ba da yawa ba don sanyin farat ɗaya ma na kashe su. Famfon iska mai caji ko na sola ya fi maka kowane kayan ado amfani. A bazara kar ka ƙaro kifi kuma ka rage abinci. Lokacin hunturu kuma Disamba da Janairu dare na sanyi, hita za ka nema. Kowane sati ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, in na famfo ne ka sa maganin kashe kilorin. Shuɗin fitilar nan da ke fito da ƙyallinsu awa takwas zuwa goma ta isa, kar ka bar ta har asuba don kifi ma na buƙatar duhu shi huta.

Ba kowace kora ce faɗa ba, ka zauna minti goma ka kalla kafin ka yanke hukunci. In ana kora ana bari, wanda anka kora ya dawo cikin jama'a ya ci abinci, to zamansu ne haka, daniyo ma da sassafe suna bin juna in za su yi ƙwai. Abin tsoro shi ne ka ga kifi ɗaya ne kullum ake bi, ya maƙale a kusurwar sama ko bayan filta, fiffike a yage, kala ta dishe, abinci na wucewa gabanshi bai kulawa. Wannan kar ka jira gobe, ka sa raga ka fitar da shi zuwa wani tanki ko roba mai tsafta da ruwan tankin da famfon iska, fiffike na sake tsirowa cikin 'yan satuttuka in ruwan na da tsafta kuma ba a ci shi har tushe ba. Sannan ka koma ka ƙirga garken, sau da yawa za ka tarar sun kasa shida. In lissafi daidai ne tanki ma ya isa amma akwai guda da ya ƙi bari, ka cire shi kwana biyar ko sati ka sauya tsarin tankin ka maido shi, wani na gyaruwa wani ba ya gyaruwa. Wanda ya ƙi ka mayar ma mai sayarwa ko ka ba wanda ke da babban tanki, amma don Allah kar ka kai shi gulbin Rima ko Kwalkwalawa ko wani tafki ka sake, a Birazil an riga an tarar da daniyo masu ƙyalli da sunka tsere daga gonakin kifi suna rayuwa cikin ƙoramu. Nawa shak ɗin da ya fi ƙarfin tankina wani maƙwabcina mai tankin lita 250 na ba, shina can da bab goma sha biyu, in na je gaishe shi nakan tarar da shi kwance cikin kaskonshi.