Yadda Ake Zama Malamin Jami'a Kuma Masani a Dokar Makamashi da Muhalli

Idan aka kwatanta da dokar kwangila ko ta gado, wannan fanni yaro ne ƙarami. Sai a 1972 ƙasashen duniya suka yi babban zamansu na farko kan muhalli a Stockholm, rahoton Brundtland da ya yayata batun ci gaba mai ɗorewa ya fito a 1987, Yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi kuwa ta 2015 ce. Tambayoyin da ba a amsa ba suna da yawa, saboda haka akwai gurbi ga sabon shiga. Sai dai gurbin na wanda ya san abu ɗaya ciki da waje ne, kuma a kan haka na tsara waɗannan matakai.

Mataki na farko: kafa tushe tun a digirin farko. Ɗalibai da yawa suna ɗokin kwas ɗin muhalli, su yi sakaci da dokar kwangila, dokar gudanar da mulki, dokar filaye da dokar ƙasa da ƙasa, alhali a kan waɗannan huɗu fannin ya tsaya. Lasisin haƙar mai aikin hukuma ne, shimfiɗa bututu rigimar fili ce, sayar da wutar lantarki kuma kwangila ce.

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi gudu, kuma a ganina shi ya fi komai muhimmanci: ka koyi abin da dokar take magana a kai. Ba a ce ka zama injiniya ba. Amma dole ka san bambancin megawat da megawat-awa, ka san dalilin da ya sa layin wuta na ƙasa yake buƙatar samarwa da amfani su daidaita a kowane lokaci, ka iya karanta rahoton tantance illar aiki ga muhalli har ka gane inda aka yi rufa-rufa.

Bayan haka ka nemi takardun aiki na gaske ka zauna da su. Ɗauki kwangilar sayen lantarki tsakanin gwamnati da kamfani, wadda kan kai shekara 20 ko fiye. A ciki sau da yawa akwai sharaɗin da ke cewa ko mai saye ya karɓi wutar ko bai karɓa ba, sai ya biya. Ka ƙara gaba kaɗan, za ka iya tarar da wani sharaɗin: idan gwamnati ta sauya doka har kamfani ya yi asara, ita za ta biya diyya. To ka tsaya nan ka yi tunani. Ƙasar da ta sa hannu a kan wannan, gobe ta so tsaurara dokar hayaƙi domin cika alkawarin Paris, wa zai ɗauki nauyin? Wannan ba hasashe ba ne. Da Sifen ta rage tallafin da take ba masu samar da wuta daga rana da iska, masu zuba jari sun shigar da ƙararraki da dama a kanta ƙarƙashin Yarjejeniyar Makamashi ta 1994 (Energy Charter Treaty), wadda ke kare jarin 'yan ƙasashen waje a harkar makamashi. A 2021 kamfanin makamashi na Jamus, RWE, ya kai Holan gaban kwamitin sasanci saboda dokarta ta daina amfani da kwal wajen samar da lantarki zuwa 2030. Daga irin waɗannan sharuɗɗa biyu kundin digirin digirgir guda zai iya fita.

Mataki na uku: digiri na biyu. Kada sunan jami'a ya ɗauke maka hankali, malamai za ka duba. Karanta abin da suka wallafa cikin shekara biyar da suka wuce, ka ga ko akwai wanda tambayarsa ta yi kusa da taka. Cibiyar nazarin dokar makamashi, man fetur da ma'adinai ta Jami'ar Dundee a Sikotlan tana cikin tsofaffi, tun 1977 take, amma yanzu jami'o'i da yawa a nahiyoyi daban-daban suna da irin wannan shiri.

Mataki na huɗu: zaɓen tambayar digirin digirgir. "Sauyin yanayi da doka" ba tambaya ba ce, teku ce. Tambaya ita ce wadda za a iya ba ta amsar e ko a'a, a kuma kafa hujja. Misali: shin kotu tana da hurumin tilasta wa gwamnati rage hayaƙi da wani ƙayyadadden kaso? Kotun Ƙoli ta Holan ta ce e a shari'ar da gidauniyar kare muhalli ta Urgenda ta shigar da gwamnati, a hukuncin 2019, ta tabbatar da umarnin rage aƙalla kashi 25 cikin 100 daga matakin 1990 kafin ƙarshen 2020. Ko wannan hujjar za ta yi aiki a ƙasar da tsarin mulkinta ya sha bamban? Ga aiki nan na shekara uku ko huɗu. Kuma ka karanta hukuncin kansa, ba taƙaitawar wani ba. Haka za ka yi da hukuncin Kotun Duniya na 2010 tsakanin Ajantina da Urugwai kan masana'antar takarda, da hukuncin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka na 2001 kan ƙasar Ogoni, wanda ya dogara da sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, sashen da ke magana a kan haƙƙin samun muhalli mai kyau.

Mataki na biyar: fara wallafa tun kana ɗalibi. Sharhi a kan sabon hukunci shi ne ƙofa mafi sauƙi, domin gajere ne kuma editoci suna neman sa da ɗuminsa. Masu tantancewa za su dawo maka da gyare-gyare masu ɗaci; amsa su ɗaya bayan ɗaya, inda ba ka yarda ba ka faɗi dalili cikin ladabi. Mujallar da ta yi maka alkawarin bugawa cikin mako guda muddin ka biya, guje ta, don kwamitin ƙarin girma ya san su.

Sai shiga cikin jama'ar fannin. Halarci taruka, gabatar da maƙala ko da ba ta nuna ba, ka nemi shiga irin ƙungiyar masana dokar muhalli ta IUCN, wato ƙungiyar duniya mai kare albarkatun halitta. Ka karɓi koyarwa da hannu biyu. Ɗalibin da ya ce bai gane ba yana nuna maka inda kai ma ba ka gama ganewa ba.

Idan sunanka ya fara fita, ma'aikatu, kamfanoni da ƙungiyoyi za su nemi shawararka. Ka amsa, domin a nan za ka ga takardun da ba sa zuwa laburare. Amma ka ƙayyade kwanakin da kake ba su a wata, kada bincike ya mutu. Duk maƙalar da ta taɓa harkar wanda ya biya ka ko ya ɗauki nauyin bincikenka, ka rubuta hakan ƙarara a shafin farko, kuma kafin ka sa hannu a kwangilar ba da shawara ka tabbatar babu sharaɗin da zai hana ka wallafa abin da ka gano.