Yadda mutumin Zariya zai yi shirin hawa Chappal Waddi

Duk wanda ya tambaye ni yadda zai hau Chappal Waddi, dutsen Kufena da ke nan Zariya nake fara tura shi. Chappal Waddi shi ne dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, yana kan iyaka da Kamaru cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da gwamnatin tarayya ta kafa a 1991. Gandun ya ratsa Taraba da Adamawa, kuma duk ƙasar babu mai faɗinsa. Mu kuwa ƙafarmu ta saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Daga Samaru har Tudun Wada babu hawan da zai sa mutum haki. Saboda haka wata biyu kafin tafiya, ka riƙa zuwa Kufena ta wajen Wusasa bayan sallar asuba, ka hau ka sauko da jaka a baya, ka zuba mata robobin ruwa ta yi nauyi. Duk mako ka ƙara kaɗan.

Da takalmin da za ka tafi da shi za ka riƙa wannan hawa. A nan nake so ka saurare ni da kyau, domin takalmi ya fi komai mayar da mutane gida. Ka shiga wajen 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari ka nemi mai kaurin ƙasa, mai tudu-tudu, wanda ya rufe idon sawu. Ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safa mai kauri, ka tabbata babban yatsa bai taɓa gaba ba. Sabon takalmi ranar tafiya bororo ne kawai, kuma bororo a rana ta biyu cikin daji ba ƙaramar masifa ba ce.

Lokaci kuwa rani ne, daga Disamba zuwa Maris. Da damina koguna irin su Mayo Kam suna cika su hana ƙetarewa, hanya ta zama taɓo.

Tafiyar mota doguwa ce: Jos, Bauchi, Gombe, Numan, Jalingo, sannan Bali zuwa Serti, inda ofishin gandun yake. Ka ba hanya kwana biyu, kada ka yi tafiyar dare. Tun kana gida ka tuntuɓi ma'aikatan gandun ka ji halin tsaro da hanyar da ke buɗe a makon. A Serti za ka biya kuɗin shiga, a haɗa ka da ma'aikacin daji da 'yan dako. Ka riƙe katin shaidarka, tunda bakin iyaka ne, da tsabar kuɗi ƙanana.

Hanya biyu ake bi. Ta ƙauyen Gashaka ita ce doguwa, tana iya cin mako guda ko fiye, ta cikin kurmi inda ake jin kukan birai, da dorinar ruwa a Mayo Kam. Ta saman Mambila, wajen Nguroje, ta fi gajarta, domin mota ta riga ta ɗauke maka rabin hawan. Ni dai ga mai zuwan farko ta Mambila nake zaɓa masa.

Mutanenmu suna raina sanyin can saboda sun san hunturun Zariya. Ba ɗaya ba ne. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan maki 6, ga iska ga raɓa mai jiƙa tanti. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, da hula, da bargo, ka naɗe su cikin leda. A ƙasa kuma, bakin kogi, tsando ne ke cizo, kuma yana bin baƙin tufa da shuɗi, don haka ka sa mai ruwan ƙasa mai dogon hannu.

Guzuri mara nauyi: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, gyaɗa, shayi, da ƙullin gishiri da sukari saboda gudawa. Ruwan rafi komai haskensa a tafasa shi, shanun Fulani suna sha a sama.

Idan an kama hanya, jagora ne gaba, maganarsa ce magana. In ya ce a kwana nan, a kwana, ko da rana na sama. Shi ya san inda ruwa na gaba yake. Ku gaida mutanen rugage, ko da gaisuwar Fulatanci ɗaya ce ka koya. Kada a bar wuta ba a kashe ba, ciyawar rani ba ta jira. Matafiyi ne kai, ka yi ƙasaru ka haɗa Azahar da La'asar, ku isa masauki da sauran haske.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Ka riƙe sanda, ka ƙara ɗaure igiyar takalmi don kada yatsu su riƙa bugun gaba, ka yi gajeren taku, kuma ka yanke farcen ƙafa tun a Serti.