Yadda Ɗan Kasuwar Garwa Zai Tallata Hajarsa ta WhatsApp

Mai sayar da atamfa ko turare a Garwa, birnin da ke arewacin Kamaru, ya fara da sauke WhatsApp Business, ya jera hajarsa, kowace da hotonta da farashinta a sefa, domin mai saye ba ya son sai ya tambaya kafin ya san kuɗin kaya. A ɗauki hoton a hasken rana, a kuma rage nauyinsa, saboda mutane suna tattalin data. Abin da aka ɗora a sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, don haka a sabunta shi kullum. A ganina bayan sallar isha'i ya fi dacewa. Bayanin ya kasance da Hausa da Fulatanci da Faransanci. A karɓi kuɗi ta Orange Money ko MTN MoMo kafin a ba mai babur saƙo.