Yadda wanda aka zalunta zai kai kukansa ga Allah

An ƙwace maka gona a bakin Binuwai, ko abokin ciniki ya riƙe maka kuɗin kaya, ga shi yana yawo lafiya ƙalau a kasuwar Garwa ta Kamaru, zuciyarka tana ta tambaya: ina sakayyar? Tambayar kanta ba ta fitar da kai daga imani. A Baƙara, aya ta 214, Manzo da muminai sun ƙuntata har suka ce yaushe taimakon Allah zai zo. Abin da aka hana shi ne jingina wa Allah zalunci ko sakaci.

Fara da tantance haƙƙinka. Rubuta abin da aka ɗauka, nawa ne, wace rana, su wa suka gani. Fushi yana kumbura lissafi, wanda kuwa ya roƙi sakayyar fiye da abin da aka ci masa ya fara shiga sahun azzalumai.

Sannan ka nemi lokacin yin addu'a. Sulusin dare na ƙarshe ana samunsa ne ta raba tsakanin magariba da alfijir gida 3. Idan rana ta faɗi ƙarfe 6:00, alfijir ya keto 4:30, to daga 1:00 ke nan. Yi alwala, yi nafila raka'a biyu-biyu, ka daɗe a sujada. Fara da yabon Allah da salati, sai ka zayyana abin da ya faru da harshen da kake kuka da shi, Hausa ko Fillanci, kada ka ɓoye zafin. Annabi Yaƙubu ya ce ga Allah kaɗai yake kai damuwarsa da baƙin cikinsa. Roƙi abu takamaimai: a dawo da haƙƙinka, a kame hannun azzalumin.

A nan mutane suka fi zamewa. Wani ya ce Allah ya isa, sai ya haɗa da 'ya'ya da jikokin mutumin, alhali ba su ci masa komai ba. Wani ya tafi wajen boka a yi wa azzalumin jifa, ya sayar da imaninsa a kan fili. Wani kuma ya yi wata guda, ya ce ya roƙa ba a amsa ba, ya daina. Wannan gaggawar ce hadisin Bukhari da Muslim ya ce tana tare amsa. Amsar ma iri 3 ce: a ba ka nan duniya, a kawar maka da wata cutar kwatankwacinta, ko a ajiye maka sai Lahira, inda ake biya da ladan azzalumin, in ya ƙare a ɗora masa zunubanka. Duk sanda jinkirin ya yi maka nauyi, karanta aya ta 42 a Suratu Ibrahim, ka yawaita Hasbunallahu wa ni'imal wakil.

Addu'a ba ta hana kai ƙara. Ɗauki shaidu 2 da takardunka ka fara daga jauro, wato mai unguwa, sai lawan da ke sama da shi, sai alƙalin fadar Lamiɗo, wato sarki, in ta ƙi a je kotun gwamnati. Kada ka miƙa wa kowa asalin takarda, kwafi za ka bayar. Idan mutumin ya zo neman sulhu, kana da zaɓi: ka yafe, ladanka yana wurin Allah, ko ka karɓi haƙƙinka cif. Kowanne ka zaɓa, a rubuta shi gaban shaidu, kowa ya sa hannu.