Yadda ake mallakar tsohuwar bindiga mai sarrafa kanta a Amurka, da kuɗin da take ci

A Amurka farar hula na iya mallakar bindiga mai sarrafa kanta, wato wadda danna kunama sau ɗaya ke sa ta yi ta ɓarin harsasai, amma da sharaɗi: sai wadda aka ƙera kuma aka yi wa rajista kafin ranar 19 ga Mayu, 1986. A ranar ce dokar da ta rufe rajistar ta fara aiki. Tun daga nan ba a ƙara ko guda ba, kuma alƙaluman da hukumar ATF, mai kula da harkar bindigogi ta tarayya, ta bayar a 2016 sun nuna kusan 176,000 ne kacal za su iya sauya hannu tsakanin farar hula. Saboda haka mai saye ya sani, takardar rajista yake biya, ƙarfen kyauta ne kusan.

Da farko a duba jihar da ake zaune. Dokar tarayya ta halatta, amma jihohi irin su Niyok, Ilinoi da Hawai sun haramta, Kalifoniya kuma izininta sai dai a ji a labari. Mai saye daga hannun dila sai ya kai shekara 21, ba a taɓa kama shi da babban laifi ba. Mai takardar zama ta dindindin yana iya nema. Ɗalibi ko baƙo mai biza, a mafi yawan lokuta, doka ta hana shi mallakar bindiga gaba ɗaya. Kuma kada wani ya yi tunanin dawowa da ita gida: a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa irin wannan bindiga cikin haramtattu.

Sai gane rukunin bindigar, domin a nan sababbin shiga ke faɗawa rami. Akwai wadda kowa zai iya saye, ita ce mai rajistar kafin 1986. Akwai kuma samfurin dilolin makamai, waɗanda aka shigo da su bayan 1968 ko aka ƙera bayan 1986, su kuwa masu lasisi na musamman da hukumomi kaɗai ke riƙe su. Idan ka ga an tallata M16, bindigar sojan Amurka, a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba, to ko samfurin dila ce ko ɗan damfara ne. Ka nemi kwafin fom ɗin rajistar mai sayarwa, wanda ke ɗauke da kan sarkin haraji, ka gwada lambar da ke jikinsa da ta jikin bindigar, harafi da harafi. A al'adar wannan kasuwa ana biyan kuɗi gaba ɗaya tun kafin a miƙa takardu, don haka binciken sai an yi shi kafin kuɗi ya bar hannu.

Takardar neman izini ita ce Fom na 4. Ana haɗa shi da hoton fasfo, da katin zanen yatsu guda biyu, da harajin dala 200, sannan a aika kwafi ga shugaban 'yan sandan yankin. Kafin 2016 sai shugaban ya sa hannu, kuma da yawa sukan ƙi. Yanzu sanar da shi kawai ake yi. Harajin nan tun 1934 bai motsa ba. A wancan lokacin dala 200 kusan kuɗin sabuwar bindiga ƙirar Thompson ce, an sa shi ne don ya kori masu saye. Yau ko kuɗin harsashin yini ɗaya bai kai ba. Bindigar tana zama a hannun mai sayarwa har sai izini ya fito. A da jiran yakan kai shekara, amma cike fom ta intanet ya rage shi sosai.

Idan mai sayarwa a wata jiha yake kuma ba dila ba ne, haraji biyu za a biya: dala 200 don ta isa hannun dilan jiharka, wata 200 don ta iso hannunka, ga kuma ladan dilan. Mai lasisin tara kayan tarihi, wanda ake yanka a dala 30 na shekara 3, yana iya karɓar bindigar da ta cika shekara 50 kai tsaye, ya tsallake wannan zagayen.

Farashi kuwa kullum sama yake yi. Mafi arha su ne dangin MAC da Sten ta Yaƙin Duniya na Biyu, su ma sun haura dala 10,000. M16 tana kamawa daga 30,000 zuwa sama. Thompson ƙirar Colt ta 1921 mai kyau ta fi haka, FG42 ta Jamus kuwa ana maganar dubban ɗaruruwa ne a wurin gwanjo. MAC tana iya zazzage harsashi 30 cikin daƙiƙa biyu, mai shirin kai ta filin harbi ya lissafa wannan ma, tare da akwatin ƙarfe da inshora.

Babbar asara tana zuwa ne ta gangar jikin bindigar, ɓangaren da ke ɗauke da lamba. Bututu da sifirin ana canza su yadda aka ga dama, amma idan gangar ta lalace ba gyara, rajistar ta mutu da ita, domin doka ba ta yarda a ƙera madadinta ba. Shi ya sa masu tsofaffi na asali ba sa yawan harba su. Ɗaya asarar ita ce ta magada da suka tsinci ganimar yaƙin kakansu a rumbun gida ba takarda. An buɗe afuwar kwana 30 ta yi wa irin waɗannan bindigogi rajista a 1968, ta wuce, yanzu babu hanyar yi mata rajista da sunan mutum. Riƙe ta na iya jawo ɗaurin shekara 10. Abin yi shi ne a tuntuɓi lauya, a miƙa ta ga hukuma. Wadda ke da takarda kuwa magaji yana karɓarta ta Fom na 5 ba haraji.

Bayan an mallaka, tsallaka iyakar jiha da ita, ko don gasa ko don ƙaura, sai an cike Fom 5320.20 kuma izini ya fito kafin a tashi. Ba a ba da aronta, ko ga ɗan'uwa na jini, sai dai ya harba a gaban mai ita.