Yadda Ake Tace Sojan Runduna ta Musamman, da Shirin da Za Ka Yi Kafin Ka Sa Kanka

A yawancin ƙasashe ba daga gida ake shiga runduna ta musamman ba. Sai ka zama soja tukuna, ka gama horon kurata irin wanda ake yi a Tondibiya kusa da Yamai, ka yi aiki a bataliyarka har shugabanninka su san halinka. Daga nan kai ne za ka sa kanka, ba a tilasta wa kowa. Ƙofar fita ma a buɗe take kullum. A makarantar mayaƙan ruwan Amurka da ake kira SEAL, a Koronado, akwai ƙararrawa a rataye, duk wanda ya ji ba zai iya ba sai ya kaɗa ta sau uku ya kama gabansa.

Matakin farko na likita ne: ido, kunne, zuciya, gwiwa, jini. Kada ka ɓoye masa komai. Idan akwai amosanin jini a danginku, ka nemi a gwada ka, domin ko wanda ke ɗauke da rabin gadon cutar yana iya yanke jiki ya faɗi idan gudu mai tsanani ya haɗu da zafi da ƙishirwa.

Sai tankaɗe da rairaya, wanda kusan ko'ina tafiya ce da kaya. Rundunar SAS ta Birtaniya, wadda Dauda Stirling ya kafa a 1941, tana yin nata a tsaunukan Welas. Akwai tafiyar kilomita 24 da ake hawa dutsen Pen y Fan a sauka a sake hawowa, ta ƙarshe kuma kilomita 64 ce cikin awa 20, da kaya kilo 25 a baya, ban da bindiga da ruwa. Sojojin ƙasan Amurka suna yin nasu kimanin mako uku a Kamp Makal. SEAL suna da makon azaba, kwana biyar da rabi, barcin da ake samu a cikinsa gaba ɗaya bai wuce awa huɗu ba. Abin da malaman horo ke nema a duk wannan guda ne: wa hankalinsa ke aiki bayan jikinsa ya ƙare? Suna tsaye da takarda, ba yabo ba faɗa, suna rubuta wanda ya manta kayansa, da wanda ya yi ƙarya kan inda ya bi, da wanda ya zame kafaɗa lokacin da ake ɗaukar gungume.

Mafi yawan abin da ke kayar da mutum kuwa abu ne da ake iya shirya masa. Ka ba kanka aƙalla wata huɗu. Fara da kilo 10 a jakar goyo, kilomita 6 zuwa 8, sau biyu a mako. Duk bayan mako biyu ka ƙara ko nauyi ko nisa, kada ka ƙara su tare. Burinka ka kai kilo 20 kana cin kilomita 6 a awa ɗaya. Kada ka yi gudu da kaya a lokacin shiri. Numfashi yana sabawa da wuri, amma ƙashi yana ɗaukar watanni, kuma nan ne ƙashin ƙwauri ke tsagewa a hankali. Alamarsa ciwo a wuri guda da za ka iya nunawa da yatsa ɗaya, wanda ba ya lafawa ko ka zauna. Idan ka ji shi, ka tsaya ka ga likita. Mai shan tiramadol don ya danne irin wannan ciwo yana kashe fitilar da ke nuna masa rami ne. Kaya masu nauyi ka jera su can sama, manne da bayanka, ka ɗaure bel ɗin ƙugu don kada kafaɗa kaɗai ta sha nauyin.

Ƙafa ita ce jarinka. Kada ka je da sabon takalmi, ka tattake shi makonni kafin ranar. Safar auduga tana riƙe gumi, fata ta jiƙe ta yi laushi, gogayya ta tayar da bororo. Da zarar ka ji wani wuri a diddige ya fara zafi, ka zauna, ka cire takalmi, ka share, ka manna filasta kafin ya ɗuri ruwa. Minti uku ne. Wanda ya ce bari ya ƙarasa tukuna, da yamma za ka gan shi yana ɓanɓaro safa tare da fata. Ka yanke farce a miƙe, ka kakkaɓe rairayi da ƙarangiya duk inda aka yada zango.

Zafi kuwa kisa yake yi. A watan Yulin 2013 sojoji uku sun mutu sanadin zafi a gwajin SAS, a can Welas, ƙasar sanyi, balle a Adar da bazara inda awon zafi ke haura digiri 40. Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin rana, don haka a shiga a hankali. Ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan kaɗan, kada ka wuce lita ɗaya da rabi a awa. Mai ɗirkar ruwa zalla ba ya cin komai shi ma yana cikin haɗari, gishirin jininsa zai ragu, kai ya yi ciwo, ya yi amai, ya rikice. Ka ci abinci, ka riƙe haɗin gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan abokin tafiyarka ya fara sambatu ko tangaɗi, a cire masa kaya, a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa ana fifita nan take, sannan a nemi mota.

Taswira ce ke tsinke masu ƙarfi da yawa, don ana karɓe waya da na'urar GPS. Kai kaɗai ne, da taswira da kamfas, wanda sojojinmu ke kira busol. A taswirar 1:50,000 santimita biyu kilomita ɗaya ce. Ka auna mita 100 a fako ka ƙidaya takunka duk sa'ad da ƙafar hagu ta taɓa ƙasa, mutane da yawa suna samun 60 zuwa 70. Ka sake aunawa a rairayi, da kaya, da dare, za ka ga lissafin ya ƙaru. Kuskuren digiri ɗaya yana karkatar da kai kusan mita 175 a tafiyar kilomita 10, kuma a shimfiɗar Azawak babu dutsen da zai gyara maka hanya. Idan akwai kori ko hanyar mota a gabanka, ka karkata gefe guda da gangan, don in ka isa ka san ɓangaren da za ka juya. Ka nisanta kamfas da bindiga da mota, ƙarfe yana jan allurarsa.

Wanda ya tsallake, yanzu ya samu izinin fara koyo. Horon yakan ci watanni da yawa, wani wurin fiye da shekara: harbi, aiki cikin ƙaramar ƙungiya, rediyo, dirowa da laima, zama a daji ba guzuri, da jure tambayoyi idan an faɗa hannun abokan gaba. A rundunar musamman ta sojojin ƙasan Amurka, irin wannan ƙaramar ƙungiya mutum 12 ce, da masanan makamai, gini da nakiya, sadarwa da jinya bibbiyu, don in aka raba ta biyu kowane ɓangare ya tsaya da ƙafarsa. A nan gida Nijar, an yi wani sashe na Flintlock na 2018, atisayen haɗin gwiwa da Amurka ke jagoranta, a Tawa, kuma a 2021 aka buɗe cibiyar horar da rundunoni na musamman a Tiliya da taimakon Jamus.

Ko wane fanni aka ba ka, tsayar da jini wajibi ne a kanka. Maɗaurin da ake matse hannu ko ƙafa da shi don tsayar da jini yana hawa santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaura. Za a sa ka maimaita shi da hannu ɗaya, cikin duhu, a kan cinyarka, har sai yatsunka sun haddace.